An yi mini aikin jijiyar haƙori, amma har yanzu yana ciwo in na tauna

Tambaya: Assalamu alaikum Dokta. Ni 'yar kasuwa ce, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. An yi mini aikin cire jijiya a turmina na ƙasa ta hagu, zuwa biyu na yi, an gama kwana uku da suka wuce aka sa ciko na wucin gadi. Zogin da ke hana ni barci ya tafi, amma in na tauna abu a wajen, ko na haɗa haƙorana, sai in ji zafi, in na yi sujada kuma ya riƙa bugawa. Maƙwabta sun ce aikin bai yi ba, in sayi amoksisilin ko in je a cire shi in huta. Likitan ya ce in dawo a sa wa haƙorin hula, kuɗinta kuma da yawa, ina so in bari sai bayan ƙaramar Sallah, wata huɗu nan gaba. Yaya zan yi? Kuma yaushe zan koma cin goro?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da kika kwatanta a kwana na uku shi ne abin da muke tsammani, bai nuna aikin ya ɓaci ba. Cikin maganganunki duka, wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta barin hula, wato murfin dindindin da ake rufe haƙorin da shi, har wata huɗu, domin haƙoran da ake rasawa bayan wannan aiki, da yawansu a wannan jiran ake rasa su, lokacin da ciwo ya riga ya tafi mai haƙori ya saki jiki. Amma bari mu fara da zafin da kike ji.

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan kogo mai ɗauke da tsoka mai laushi, wadda jijiyoyin ji da na jini suke cikinta. Daga kogon nan siraran hanyoyi suna gangarawa cikin kowace saiwa har ƙarshenta. Turmin ƙasa irin naki yawanci saiwa biyu gare shi da hanyoyi uku, wani lokaci huɗu. Abin da likita ya yi shi ne ya huda haƙorin ta sama, ya kwashe tsokar da ta ruɓe da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, ya wanke hanyoyin da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya toshe su da wata irin roba har ƙarshen saiwa. Cikin haƙorin yanzu ba ya jin komai, shi ya sa zogin dare ya tafi, kuma ruwan sanyi ba zai ƙara tsirga miki shi ba.

To daga ina zafin yake fitowa? Tsakanin saiwa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani tantani siriri ƙwarai, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, shi ne yake riƙe da haƙori a gurbinsa. Wannan tantanin yana nan da ransa, da jijiyoyinsa, ba a taɓa cire shi ba kuma ba a cire shi. Tun kafin ki je asibiti ciwon da ke cikin haƙori ya riga ya tsokane shi, sannan a lokacin aiki ƙarafan sun kai bakin saiwa, ɗan dattin da ake kwashewa da ɗigon ruwan magani sukan tsallaka su taɓa shi. Sai ya kumbura. Da yake ƙashi ne ya kewaye shi, ba inda kumburin zai je sai ya ɗan turo haƙorin sama. Ɗagowar ba ta kai ido ya gani ba, amma ta isa ta sa haƙorin ya riga 'yan uwansa haɗuwa da na sama, duk nauyin cizo ya sauka a kansa shi kaɗai. Bugawar da kike ji a sujada kuwa, jini ne yake taruwa a kai in kin sunkuya, wurin da ya kumbura ya ƙara cika. Haka ma in kin kwanta ba matashi. Ki ƙara matashi ɗaya na kwana biyu ko uku, za ki ji bambanci.

Ga yadda abin yake tafiya ga yawancin mutane. Awa 24 zuwa 48 na farko su ne suka fi zafi. Daga kwana na uku ya fara ja da baya, kafin mako ya cika mutum ya daina neman magani. Jin ɗan zafi in an danna ko an ciza yana iya kaiwa mako biyu, wani lokaci ya zarce, musamman in haƙorin ya daɗe yana ciwo kafin aiki ko akwai mugunya a ƙarƙashin saiwa. Saboda haka kada ki auna lafiyarki da cewa akwai zafi ko babu. Ki tambayi kanki kowace safiya: yau ya fi jiya sauƙi? In amsar e ce, ko kaɗan ne sauƙin, kina kan hanya. In kwana biyu a jere yana ƙaruwa, ki koma wurin likita ba sai ranar da ya ba ki ba.

Akwai abu guda da nake so ki gwada yanzu. Ki haɗa haƙoranki a hankali, ba tare da komai a baki ba. In kin ji wannan haƙorin ne yake fara taɓa na sama kafin sauran su haɗu, to cikon ya yi tudu. Wannan yana yawan faruwa, domin lokacin da likita ya ce ki ciza ya gani, bakinki a mace yake da allura, ba ki iya gane daidai. Cikon da ya yi tudu ba ya barin tantanin nan ya huta, kullum ana dukansa, ko makonni nawa aka yi ana shan magani. Gyaransa aikin minti biyar ne: likita ya sa miki 'yar takarda mai launi ki ciza, inda launin ya fito ya goge shi, ko allura ba a bukata. Mutane da yawa da suke zaton aikinsu ya lalace, wannan ce kawai matsalarsu.

Maganin zafi. Tunda kumburi ne tushen ciwon, aibufurofen ya fi dacewa da shi: miligiram 400, sau uku a rana, tsakanin kowane sha awa 8, bayan an ci abinci, kada ya wuce miligiram 1,200 a rana sai da umarnin likita. In bai isa ba a haɗa da farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Su biyun ba sa faɗa da juna, haɗa su ma ya fi ƙarfi a kan ciwon haƙori fiye da kowane ɗaya shi kaɗai. A sha su a kan lokaci na kwana biyu ko uku, ba sai zafi ya taso ba, sannan a rage. Amma aibufurofen ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, da mai asmar da irin waɗannan magunguna ke tayar masa, duk su tsaya a farasitamol. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko mai sikila ya tambayi likitansa tukuna. Abu biyu da ake yawan yi a kemis ɗin unguwa su ne suke ba ni tsoro. Na farko, a haɗa wa mutum aibufurofen da daikulofenak a leda guda, alhali dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ci ciki da ƙoda. Na biyu, maganin mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu, mutum ya sha wannan ya sha wancan ya zarce ƙima bai sani ba, hanta ce kuma take biya. Ki karanta kwalin. Taramol kuwa ba ki da bukatarsa ko kaɗan.

Amoksisilin da maƙwabta suka ce ki saya, kada ki saya. Ba maganin zafi ba ne, kuma kumburin tantanin da kike fama da shi ba irin wanda yake jinsa ba ne. Ƙwayoyin cutar da suka jawo ciwon a cikin hanyoyin saiwa suke, inda jini ba ya zuwa yanzu, saboda haka maganin da aka haɗiya ba ya kai musu. Wankin da likita ya yi shi ne maganinsu. Ana rubuta irin wannan magani ne in ciwo ya fita daga haƙori ya shiga jiki, wato fuska ta kumbura, zazzaɓi ya zo, ko mutum yana da wata lalura da ta raunana garkuwar jikinsa. A nan likita ne zai zaɓi iri da adadin kwanaki, kuma a sha yadda ya ce. Shan ƙwaya huɗu ko biyar a ajiye sauran don wata rana ba abin da yake haifarwa sai gudawa da ƙwayoyin cuta masu taurin kai.

A gida abin yi kaɗan ne. Ki ɗumama ruwa kofi ɗaya, kamar rabin ledar fiya wata, ki zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, ki riƙe a baki ta gefen haƙorin na daƙiƙa 30 ki zubar, sau uku ko huɗu a rana. Yana kwantar da dasashin da ƙarfe ya matsa da wurin da aka yi allura. In kunci ya ɗan tasa a kwana biyun farko, a naɗe ledar ruwa mai ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15, a sauke minti 15. Gasa kunci da ruwan zafi ko shafa man zafi a kan kumburin haƙori, kamar yadda aka saba yi wa targaɗe, kada a yi, domin in akwai mugunya zafin yana taimaka mata ta bazu cikin fuska. Kada kuma a ɗora komai a kan haƙorin ko dasashi: ƙwayar asfirin tana ƙone dasashi ya yi fari ya saɓule, haka man kanumfari in ya yi yawa, haka kanwa da garin taba. Tunda babu jijiya a ciki, ba ma abin da za su kashe. In muƙamuƙi ne yake miki tsami saboda daɗewa da baki a buɗe, wannan ciwon tsoka ne, yakan tafi da kansa cikin 'yan kwanaki.

Alwala ki yi ta yadda kika saba, ki kurkure baki ba fargaba. Dokar hana kurkure baki ta wanda aka cire wa haƙori ce, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, ke kuwa ba ki da rami. Ki ci gaba da goge haƙorin sau biyu a rana da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid. Barinsa da datti don tsoron taɓa shi yana kumbura dasashi, sai ki rasa gane wanne ciwo ne wanne. Asuwaki ma babu laifi, sai dai ki tauna bakinsa ta ɗaya gefen har ya yi laushi kafin ki kawo shi nan. Tsinken sakace kada ya je kusa da cikon. In kina amfani da zaren sakace, ki zare shi ta gefe, kada ki fizgo shi sama ya ɗago cikon.

Abinci kuwa, duk taunarki ta koma dama har sai an sa hula. Ba har sai zafi ya tafi ba, har sai an sa hula. Koko, kunu, tuwon zafi da miyar ayoyo, banku da miyar kuɓewa in an tsame ƙashi da ƙaguwa, dafaffen ƙwai, kifi marar ƙaya, ƙosai mai laushi, fura da aka dama sosai, duk sun yi. Waakye, wato shinkafa da wake, ma ana ci, amma a kula, tsakuwa ɗaya a cikin wake ta isa ta raba haƙorin gida biyu, kuma a bar ganda da soyayyen nama. A ajiye ƙanzo, aya, ƙuli-ƙuli, rake, gasasshiyar masara, tsire mai jijiya, ƙanƙara, da tauna ƙashin kaza. Cingam da alawa mai danƙo su kuma cikon suke tumɓukewa. Goro yana sahun gaba a wannan jeri. Na san wuya ce a ce wa mutumin Kumasi ya bar goro, kuma ban ce ki bar shi har abada ba. In ba za ki iya haƙura ba, ki yanka shi ƙanana da wuƙa ko ki goga shi a magogi, ki tauna a dama da lura. Bayan an sa hula ta zauna kwana ɗaya ko biyu, kina iya komawa cin goronki, amma gantsara shi da wannan haƙorin a bar shi.

Yanzu ga maganar hula, ki ba ni hankalinki.

Cikon da ke bakinki an yi shi ne don ya yi makonni kaɗan. Laushi gare shi da gangan, don likita ya cire shi cikin sauƙi. Kullum tauna tana cinye shi, gefensa yana sakin jikin haƙori, yawu ya riƙa sulalawa ciki. Yawu cike yake da ƙwayoyin cuta, robar da aka toshe hanyoyin da ita kuma ba ta iya tare su ita kaɗai in ta daɗe a jiƙe. Sai su bi gefenta a hankali su koma ƙarshen saiwa, inda aka sha wahalar korarsu. Mugun abin shi ne ba za ki ji komai ba yayin da hakan ke faruwa, domin mai kai miki rahoto an cire shi. Sai bayan watanni ki wayi gari da ƙurji a dasashi ko kumburi, a ce sai an kwance aikin duka an sake, kuɗin sakewa kuma yakan fi na farko. In saman cikon ya ɗan lotsa, wannan ba komai. In ya faɗi, ko kika ga auduga ko wani abu mai launin ruwan goro a ramin, ko kika riƙa jin ɗanɗanon magani ko wari daga wurin, ki je a mayar cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ki cusa auduga ki ce kin rufe.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni, shi ne tsagewa. Haƙorin da ya kai ga wannan aiki, ruɓa ta riga ta ci wani sashe nasa, likita kuma ya huda tsakiyarsa don ya kai ga hanyoyin. Abin da ya rage bango ne siriri ta kowane gefe, ba rufin da ya haɗa su. Turame kuwa su ne masu ɗaukar nauyin tauna, cizo mai ƙarfi a kansu yakan kai nauyin kilo 50 ko fiye. Duk lokacin da tsinin haƙorin sama ya sauka a tsakiyarsa, yana buɗa bangayen ne kamar yadda mai faskare yake kafa gatari a tsagar itace. Wata rana sai a ji ƙas. In an yi sa'a, gefe ne ya ɓalle a saman dasashi, ana iya ginawa. In tsagar ta gangara cikin saiwa, babu likitan da zai iya ɗinke ta, a Kumasi ko a Ingila, sai cirewa. Kuɗin aikin jijiya ya tafi, haƙori ya tafi. Hula tana rufe haƙorin ta kewaye shi, ta ɗaure bangayen wuri guda, nauyin cizo ya watsu a jikinta, kuma ta toshe wa yawu hanya. Haƙoran gaba, da yake ba su ɗaukar irin wannan nauyi, sau da yawa ciko mai kyau ya ishe su in ba su ci sosai ba. Turmi dai yana bukatar abin da zai rufe samansa.

Shawarata a rufe haƙorin da abu na dindindin cikin mako biyu zuwa huɗu. Yadda ake yi: likita zai cire cikon wucin gadi ya gina cikin haƙorin da ciko mai ƙarfi, in abin da ya rage kaɗan ne ya kafa ɗan ginshiƙi a cikin saiwa ɗaya don ginin ya samu madogara. Sannan ya rage jikin haƙorin ta kowane gefe da milimita ɗaya zuwa biyu, ya ɗauki awonsa a aika wa masu ƙerawa, ya sa miki hular roba ta jira. Bayan mako ɗaya ko biyu a manna ta gaske. Hular jiran ma ba ta son danƙo da tauri. Ranar mannawa kada ki ji nauyin likita: in kin ji ta yi tudu, ko zare ba ya shiga tsakaninta da maƙwabcinta, ko ya wuce fayau ba tare da ya ɗan tirje ba, ki faɗa kafin a sa siminti. Gibin da aka bari a nan shi ne inda nama zai riƙa maƙalewa shekara da shekaru.

Na san maganar kuɗi ce ta kawo jinkirin, kuma katin inshorar lafiya na NHIS, da yake cire haƙori da ciko mai sauƙi ya fi ɗauka, bai cika taimakawa a nan ba. Hanya biyu ce zan nuna miki. Ta farko, ki tambayi farashin kowace irin hula. Akwai ta ƙarfe zalla, akwai ƙarfe da aka lulluɓe da farin tangaran, akwai zakoniya fara ƙal. Ta ƙarfe zalla yawanci ta fi araha, ba ta ɓantarewa, ba a rage haƙori da yawa kafin a sa ta, kuma a can ƙuryar baki ba mai ganinta. Ga mai cin goro ma ita na fi so. Kada a rikita ta da haƙorin Makka na ado da ake sawa a gaba, ita hular awonta ake yi daidai da bakin dasashi don kada komai ya shiga ƙarƙashinta. Hanya ta biyu, in ko ta ƙarfen ba za ta samu yanzu ba, ki gaya wa likitan gaskiya, ki roƙe shi ya cire cikon wucin gadi ya sa na dindindin a wannan makon ko na gaba, ya kuma ɗan rage tsinin haƙorin don kada ya riƙa karo da na sama. Kuɗin wannan bai kai na hula ba ko kusa. Yana toshe hanyar yawu, yana rage haɗarin tsagewa, ko da yake bai kawar da shi ba. Da wannan, in kika kiyaye tauna a dama, ana iya kaiwa bayan Sallah. Da cikon da ke bakinki yanzu, ban yarda ki kai ba.

Masu cewa a cire a huta, su ma su san ramin ba ya zama haka nan. Haƙorin baya yana karkatowa ciki, na sama yana zazzagowa tunda ba abin da ya tare shi, tauna ta koma gefe guda, cike gurbin daga baya kuma ya fi hula tsada nesa ba kusa ba. Haƙoran da aka yi wa aikin jijiya aka rufe su da kyau, kusan tara cikin goma suna nan suna aiki bayan shekaru masu yawa.

Alamomin da ba a kwana da su a gida kuwa, ki riƙe su da kyau. Kumburin da ke ƙaruwa yana gangarawa ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko yana hawa wajen ido. Baki ya ƙi buɗuwa ya wuce faɗin yatsa biyu. Haɗiyar yawu ta yi wuya, harshe ya ɗago, murya ta canja, ko numfashi ya yi nauyi. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 tare da kumburi. Turamen ƙasa saiwarsu tana kusa da ƙasan harshe, mugunya daga nan tana iya bi ta toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i, kuma tana kisa. Wanda ya ga haka ya nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, inda akwai likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi, ko tsakar dare ne, in numfashi ya fara wuya a kira 112. A garinmu duk zazzaɓi sunansa maleriya, sai a sayi maganinta a kwanta ana jira, kwana biyun da aka ɓata kuwa su ne masu tsada. Zazzaɓi da kumburin fuska bayan aikin haƙori, a fara zargin haƙorin. Ƙuraje a jiki, ƙaiƙayi ko kumburin leɓe bayan shan wani magani, a dakatar da shi a je asibiti. Akwai kuma waɗanda ba na gaggawa ba amma suna son a koma wurin likita cikin kwana ɗaya ko biyu: leɓe ko haɓa da suka ci gaba da mutuwa har washegari, alhali allurar ƙasa awa uku zuwa biyar take yi ta sake, zafin da ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa, da haƙorin da har yanzu yake jin sanyi ko zafin shayi. Na ƙarshen nan ko dai maƙwabcinsa ne yake ciwo, ko akwai wata hanya siririya da ba a gano ba, tana nan da sauran jijiya.

In kina da ciwon suga, ki matsa wa awonsa a wannan lokaci, domin suga mai hawa yana jinkirta warkewar ƙashi kuma yana ba ciwo ƙarfi. Sigari da shisha ma haka suke yi, ga masu sha a gida.

Warkewar gaske a cikin ƙashi take, kuma a hankali take tafiya. In hoton farko ya nuna baƙin tabo a ƙarƙashin saiwa, wato inda ciwo ya cinye ƙashi, cikewarsa tana ɗaukar wata shida zuwa shekara, babba ma yakan fi haka. Saboda haka ki koma a ɗauki hoto bayan wata shida ko shekara ko da ba abin da ke damunki, kuma ki nemi kwafin hoton da aka ɗauka ranar da aka gama, ko a wayarki ne, don duk likitan da ya duba ki nan gaba ya samu abin kwatantawa. Ƙurjin da ke fitowa a dasashi, ya fashe ya fitar da ruwa mai gishiri-gishiri, ya ɓace ya sake dawowa, ba zafin jiki ba ne, mugunya ce ta samu mafita, kuma rashin zafinsa bai sa ya zama lafiya ba. Ko a nan ba a fara da cirewa: ana kwance robar a sake wanki, ko a yi ƙaramar tiyata a datse ƙarshen saiwar.

Tunda azumi zai shigo cikin watannin da kika ambata, ki yi ƙoƙari a gama duk abin da ke bukatar ruwa a baki da allura kafin a ga wata. In wani zuwa ya faɗo cikin azumi, ki nemi lokacin yamma in asibitin yana yi, hukuncin abin da ya wuce maƙogwaro kuma malamai za ki tambaya. Maganin zafi in ana bukata a sha shi bayan buɗa baki da bayan sahur, aibufurofen dai kada ya shiga cikin da babu abinci. Dabinon buɗa baki ki tsaga shi da hannu ki cire ƙwallon kafin ya shiga baki, busasshen kuma a jiƙa shi tukuna.